Yaron Hajiya

Duwala, 6 ga Mayu

Zuwa ga Nazira 'yar Hajiya Dela, unguwar Hausare, Garwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, ina fata wannan takarda ta same ku cikin haƙuri. Ni lafiya lau, in ban da ciwon baya da ya zama abokin zama. Yaya ƙarfin jikin Hajiya? Yaya Ilham, matar marigayi? Allah ya jiƙan Muhaimin, ya sa ya huta.

Na san za ki yi mamakin takarda a wannan zamani. Da gangan na daina kiran waya. Duk sanda na kira sai ku buɗe murya a tsakar gida, kuka ya danne maganata, in kashe ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Don haka zan riƙa rubutawa ina ba Bilya, direban kamiyon shanu, tunda kullum yana kan hanyar Arewa. Ke kika yi lekol, kin san boko. Ki karanta, ki zaɓi abin da kunnen Hajiya zai iya ɗauka.

Ki fara sanin mai rubuto miki, don rabona da ke kina goye. Kakata da kakan Hajiya ciki ɗaya suka fito, iyakar zumuncin ke nan. Shekara ashirin da wani abu ina fawa a kwatar Duwala. Da matata Fati ta rasu a nan, maƙwabtana 'yan ƙabilar Bamileke da 'yan'uwana mahauta ne suka kama mini. Daga Garwa ko ƙafa ɗaya ba ta tako ba. Ba gori nake yi ba. Ina so ne ki san ba don gidanku nake wannan zirga-zirga ba, don yayanki nake yi. Shi kaɗai ne in ya kawo shanu yakan neme ni, ya zauna a bencina, ya ci tsirena ya ce gishiri ya yi yawa, ya kuma miƙo hannu.

Ni na raka shi filin jirgi ran nan. Ya sayar da shanunsa, ya ce wannan karon ba zai karya ƙugunsa a kamiyon ba, sama zai bi ya ci tuwon Hajiya da magariba. Bai taɓa shiga jirgi ba. Yana ta dariya yana tambayata ko ana cire takalmi a ƙofa. Hadari ya riga ya haɗu lokacin da suka tashi. Sauran kun ji a rediyo: jirgin ya faɗa cikin kurmi, ba wanda ya fita.

Abin da rediyo bai faɗa ba shi ne, babu gawa, Nazira. Akwai dai abin da aka tsinto. An kawo nan an sa a firji a wani asibiti, kowane ƙunshi da lambarsa. Sun bar ni na leƙa. Ni mahauci ne, na ɗauka ba abin da zai tayar mini da zuciya. Tun ranar ban riƙe wuƙa ba.

Likitan da ke kula da wurin, Dokta Aristide, ya ce ido ba zai gane kowa ba, sai gwajin jini, wanda suke kira ADN. Za a ɗebi jinin uwa ko uba ko ɗa, a kai Turai a gwada da abin da ke cikin ƙunshin. Uba ya rasu, ɗa Allah bai kawo ba. Saura uwa. Ma'aikatansu za su zo asibiti a Garwa mako mai zuwa. Ki kai Hajiya. Ke ma ki bayar, ya ce na 'yar'uwa yana taimakawa.

Kada ku yi masa sallar ga'ibi tukuna. Zan kawo muku shi, ko yaya ya rage.

Kawunki,
Muntaka mahauci

Garwa, 17 ga Mayu

Kawu Muntaka,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Bilya da kansa ya kawo har ƙofa. Useko, Kawu, mun gode, Allah ya bar zumunci. Maganar matarka kuwa, Allah ya jiƙanta, ina yarinya lokacin, ba ni da bakin ba ka haƙuri. Amma na ji kunya, kuma wannan layin ban karanta wa Hajiya ba.

Hajiya ba ta cin komai sai kunu. Ilham ta shiga takaba, a ɗakin Hajiya take kwana. Mutane ba su daina zuwa ba, 'yan kara, mahautan babbar kasuwa, danginku na Ngong. Har Inna Sadiƙa, wadda ta taɓa auren ƙanen babanmu marigayi Bappa Mahfuzu, ta zo daga Banyo duk da munin hanyarsu. Ta durƙusa ta yi wa Hajiya gaisuwa, ta yi kwana biyu tana wanke-wanke a bayan gida, ta koma.

Mun je asibiti ranar Talata. Wani ma'aikaci ya fito da takarda ya ce, "La mère de Muhaimin?" Da jin an kira uwar Muhaimin, Hajiya ta miƙe da kanta, ba ta jira na kama ta ba. Yana tsira mata allura tana ce masa da Fillanci ya ɗiba da yawa, kada ya yi rowa, yaron nata dogo ne. Ni ma na bayar.

Liman ya so a yi sallar ga'ibi ranar sadakar bakwai. Hajiya ta ce a'a, Muntaka ya ce zai kawo shi. Ta sa an sayo likkafani, yana cikin akwatinta. Kawu, maganarka ce ke riƙe da ita yanzu.

'Yarka,
Nazira

Duwala, 4 ga Yuli

Nazira,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ki gaida Hajiya da Ilham. Ina nan lafiya. Ruwa a garin nan ba ya ɗagawa, rigar da ka wanke sai ta yi funfuna kafin ta bushe. Na koma kwata, ciki ba ya jiran mai baƙin ciki. Amma na bar yanka, awo kawai nake yi.

Jiya aka tara iyalan mamata a zauren wani otel. Masu anket, wato masu binciken haɗarin, suka jeru a bayan dogon tebur, kowa da ruwan gora a gabansa. Sun ce sun samo baƙin akwatin nan mai naɗar maganar matuƙa. Sun nuna hotonsa, ashe ma ba baƙi ba ne, launin lemo gare shi. Suka ce ƙanƙara ta toshe wani ɗan bututu da ke gaya wa matuƙi gudun jirgi, na'ura ta riƙa yi musu ƙarya, su kuma a cikin hadari ba sa ganin sama ba sa ganin ƙasa. Kamfani ya ce laifin hadari ne. Masu duba yanayi suka ce sun yi gargaɗi. Masu gyara suka ce aikinsu cikakke ne. Kowa ya wanke kansa aka bar wa matuƙi, tunda shi ba ya nan balle ya amsa.

Matarsa ta zo, da yara biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya matsa mata. Wata mata ta wuce ta tofa yawu a gabanta. Na tashi na ba ta kujerata. Wani ya ce da ni, "Alaji, ka san ko wace ce?" Na ce na sani, mijinta ma lamba ce a kansa kamar namu. Ba na cewa ba shi da laifi, ban sani ba. Rapor na ƙarshe, wato rahoton binciken, sai baɗi, in ji su. Amma ita dai ba ita ta tuƙa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Sakamako ya fara dawowa daga Turai. An ba mutane da yawa nasu, na ga ana ta fita da akwatuna. Namu bai fito ba. Dokta Aristide ya ce jinin Hajiya bai dace da kowa ba a cikin waɗanda ke firjin. Ya ce zai sa a sake dubawa. Ban gane ba, shi ma da alama bai gane ba.

Kuma sun sa rana. Duk wanda ba a gane ba zuwa ƙarshen Satumba, za a haɗa su a rami ɗaya a nan Duwala, Musulmi da Kirista, a kafa dutse da sunaye. Ban ga laifinsu ba, firji ba maƙabarta ba ne. Amma na yi wa Hajiya alkawari.

Kawunki,
Muntaka

Garwa, 13 ga Yuli

Kawu,

Salamu alaikum, muna lafiya, muna gaisuwa. A tsaye nake rubutawa, Bilya yana jira.

Wannan karon Hajiya ta zaunar da ni ta ce in karanta duka, kada in tsallake ko kalma, ta gane ina yi. Da na kai wurin da ka ce jininta bai dace da kowa ba, ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta buga cinya ta ce, "To ai ba ya ciki!"

Kawu, gidan nan ya juye. Wani ɗan kara ya zo ya rantse ya ga mai kama da shi a kasuwar shanu ta Ngaundare. Wata ta ce ai ana samun wanda ke fasa hawa a ƙofar jirgi. An je wurin wani malami ya duba, ya ce yana raye a cikin kurmi wurin mafarauta, kansa ne ya bugu ya manta sunansa. Hajiya ta ci tuwo jiya, har ta nemi ƙari. Ta fito da likkafanin ta ba masallaci sadaka. Tana cewa Ilham ta ajiye takaba ta yi kitso. Ilham ta rasa ta yi murna ko ta yi kuka.

Ka gan shi da idonka ya shiga? Ka tambaya a asibitocin ƙauyukan wajen? Ka gaya mini gaskiya. Amma in akwai fata ko ƙanƙani, don Allah kada ka kashe mata shi.

Nazira

Duwala, 22 ga Yuli

Nazira,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, don raina a ɓace yake, da ku da ni kaina. Ni na rubuta layin nan ban yi tunanin yadda zai sauka a kunnen uwa ba.

Ki saurara. Na gan shi yana hawa matakalar jirgin, da jakarsa ta fata da hular nan mai ruwan toka. Ya juyo ya ɗaga hannu, ko da yake ba zai iya hango ni ta gilashi ba. Ina kallo aka rufe ƙofa. An tsinci agogonsa a kurmin, an nuna mini, na gane shi. Babu mafarauta, babu mantuwa. Malamin da ya duba muku, ki ce Muntaka ya ce ya ji tsoron Allah. Muhaimin ya rasu. Ilham ta ci gaba da takabarta.

Shekaranjiya Dokta Aristide ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa. Ya ce an sake dubawa. Jininki da na Hajiya sun nuna uwa da 'ya, ba shakka. Sannan akwai wani ƙunshi, namiji, tsaran Muhaimin, wanda har yanzu ba a samu mai shi ba. Tsakaninsa da Hajiya ba abin da ya haɗa su. Amma ke da shi akwai ɗan kusanci. Ba na wa da ƙanwa ba, irin na 'ya'yan wa da ƙane. Ya ce wannan bai isa ya ba mu gawa ba, in ya ba mu ɗan wasu fa? Sai ya tambaye ni a hankali, kamar mai tafiya cikin ƙaya: "Monsieur Muntaka, wannan matar, ita ta haife shi?"

Na miƙe tsaye. Na ce masa a garinmu ba a yi wa mutum wannan tambaya. Ya ce ya sani, shi ma ƙanwar babansa ce ta rene shi, har ta mutu mama yake ce mata. Ya ce na'urarsa ba ta san goyo ba, cikin da ya ɗauka kaɗai ta sani. Na koma na zauna.

Ni ta wajen Hajiya nake, kuma a Ngong na girma, zuwa gidanku sai da salla. Na ga yaro a bayanta na ce ɗanta ne. To ina tambaya, kuma Allah ya sani ba da wata mummunar manufa ba: Hajiya ce ta haifi Muhaimin? In akwai wata, tana raye? A nemo ta. Dokta ya ce in jininta ya iso hannunsa kafin ranar binnewa, zai ware ƙunshin nan a jira sakamako. In bai iso ba, sai rami ɗaya da kowa. Lambar wayarsa tana bayan takardar nan.

Wannan kada ki karanta a tsakar gida.

Muntaka

Duwala, 25 ga Agusta

Nazira,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, tunda ba wanda ya gaya mini.

Bilya ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, hannu wofi. Ya ce a ƙofa aka karɓi takardar, ko ruwa ba a ba shi ba. Na sauke girman kaina na kira wayarki, tana shiga ba a ɗauka. Na gane. Na zama mahaucin da ya zagi Hajiya.

Ba komai, na saba da shirun Garwa. Amma jiya na bi ta maƙabartar da suka zaɓa. Katafila ta fara share wurin. Ƙasar garin nan ruwa ce, Nazira. Kafin ka haƙa zuwa gwiwa ya fara tsatsowa, sai ana kwarfewa da bokiti ana sa mutum. A cikinta na sa Fati, na san abin da nake faɗa.

Ku yi fushi da ni har ƙarshen duniya, amma ku aiko da amsa.

Muntaka

Banyo, 14 ga Satumba

Kawu Muntaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai gajiya. Ka yafe mini shirun. Daga Banyo nake rubuto maka.

Ba zagi ka yi ba. Amsar ita ce a'a. Inna Sadiƙa ce ta haifi Yaya Muhaimin, ɗan farinta ne da Bappa Mahfuzu. Ka san al'ada, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna masa so a gaban mutane. Lokacin kuma Hajiya ta daɗe a gidan babanmu ba haihuwa. Ranar da aka yaye shi aka ɗauko shi aka ɗora mata a cinya, shi ke nan. Bappa Mahfuzu ya rasu, Inna Sadiƙa ta yi aure a nan Banyo, Allah bai sake ba ta wani ba.

Ba ɓoyayyen abu ba ne, Kawu. Tsofaffin unguwa sun sani, ni na sani, shi ma ya sani. Abu ne dai da ba a faɗa, har ya zama kamar babu. Da ma'aikacin nan ya kira uwar Muhaimin, wallahi dukanmu Hajiya muka kalla. Da takardarka ta farkon Yuli ta zo, abin ya faɗo mini a rai. Na ture shi, saboda Hajiya ta ci tuwo.

Da mai tambayar ta iso, a ɗaki na gaya mata, mu biyu. Rasuwar ta karɓa, ta ce dama zuciyarta ta sani. Tambayar ce ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na kai shi kaciya, ni na yi masa aure. Yanzu wata kwalba a Turai za ta ce ban san shi ba?" Ta hana ni ɗaukar wayarka, ta hana a ambaci Banyo. Na aika wa Inna Sadiƙa saƙo a ɓoye. Ta aiko cewa ita ba ta da ɗa a jirgi, yaron Hajiya ne, ba za ta tsallake Hajiya ta je ta tsaya gaban likita ba.

Takardarka ta ƙarshe ce ta karya Hajiya. Na karanta mata maganar ƙasa mai ruwa, har da layin Fati. Sannan ta ce in nemo mota.

Hanyar ba ta faɗuwa. Bayan Tibati motar ta kafe a laka, muka ƙarasa a kan moto, wato babur, Hajiya da kumburarrun ƙafafun nan nata. Muka tarar da Inna Sadiƙa tana tankaɗe a tsakar gida. Ta tashi za ta durƙusa, Hajiya ta riga ta. Ban taɓa ganin Hajiya ta durƙusa wa mace ba. Ta ce, "Sadiƙa, abin da kika ba ni na ɓatar. Ki zo ki taya ni nema."

Inna Sadiƙa ta karkaɗe garin hannunta ta ɗauko mayafi.

Na kira Dokta Aristide, ya yi magana da wani nas a asibitin nan, Fabien. Yau da safe aka ɗebi jinin. Fabien ya ɗauki biro ya tambaye ta sunan ɗanta. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Ta ce, "Yaron Hajiya." Ya ce shi ba zai iya rubuta haka ba. Sai Hajiya ta daka masa tsawa: "Kai, a gidanku ba a koya maka kunya ba? Rubuta Muhaimin. Rubuta ita ta haife shi, ina wurin, ni na riƙe ta." Ya rubuta.

An rufe kwalbar an buga hatimi. Direban ajans, motar haya mai bi ta Fumban, zai kawo maka ita da wannan takarda. Ka tare shi a tasha. Inna Sadiƙa za ta bi mu Garwa, Hajiya ta ce ba za ta koma ba sai da ita.

'Yarka,
Nazira

Duwala, 29 ga Oktoba

Nazira,

Salamu alaikum. Ina gaida Hajiya, ina gaida Yaya Sadiƙa, ina gaida Ilham. Bayan nan nawa yana nan yana aikinsa.

Na gaya miki ta waya cewa jinin ya iso a kan lokaci, amma ban gaya miki yadda na yini biyu a tasha ina leƙa kowace mota ba. Da na karɓa na hau moto kai tsaye, kwalbar a cikin rigata. Dokta ya sa hannu aka ware ƙunshin.

Sauran an binne su ranar da aka sa. Na je. Liman da fada suka tsaya gefe da gefe, ruwa na zuba, ana kwarfewa kamar yadda na gaya miki. Wasunsu ba wanda ya zo dominsu. Na tsaya har aka rufe.

Jiya sakamako ya dawo. Shi ne.

Dokta Aristide ya fito da kansa ya riƙe hannuna. Na ba shi haƙurin miƙewar da na yi masa. Babu wanka, limaminmu na nan ya yi masa taimama, muka sa shi a sabon likkafani. Takardun meri da na komisariya, wato ofishin magajin gari da na 'yan sanda, sun cika. Kamfani ya ce zai kawo shi Garwa a jirgi. Na ce mun gode, ya hau sau ɗaya, ya isa. Bilya zai hau da kamiyon wofi ranar Laraba, na sa an wanke bayan an shimfiɗa tabarmi. Hanyar da ya saba ce, ya san kowane rami. Ni zan zauna tare da shi.

Ku gaya wa liman. A haƙa kusa da iyayensa maza.

Kawunki,
Muntaka

Ngong, 5 ga Nuwamba

Nazira,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kun ɗan huta. Muna nan Ngong ana loda shanu, zan ba mai taksi wannan ya kawo miki. Na fita ban yi miki sallama ba, gidan ya cika, ni kuma ban iya tsayuwar ban-kwana ba. Amma mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma akwai abin da ya kamata ki sani.

Ƙasar busasshiya ce, ja, sai da diga. Na ɗebo da hannuna na murza kafin a sa shi. Ki gaya wa Hajiya.

Kafin mu fita da shi ta kira ni ɗaki. Ta fara yi mini gaisuwar Fati. Ta makara, na gaya mata ta makara, kuma na karɓa. Sannan ta ce, "Liman zai tambaye ka suna." Kin san liman ɗinku na tsohuwar hanya ne, in an rufe kabari yakan durƙusa ya kira mamaci da sunan uwarsa, ya tuna masa kalmar shahada. Hajiya ta ce, "Ka ce ɗan Sadiƙa. Mun riga mun ɓata masa wata shida da sunana. Kada a can ma a yi ta nemansa."

Haka aka yi. Liman ya kalle ni, na faɗa, ya ɗaga murya ya ce, "Ya Muhaimin ɗan Sadiƙa." Tsofaffin da ke wurin duk suka sunkuyar da kai. Ina jin tun da aka haife shi ba a taɓa haɗa sunayen nan biyu a baki ɗaya ba.

Da muka dawo, Hajiya tana tsakar gida a kan tabarma, mata sun kewaye ta ana gaisuwa. Na zagaya ta baya don in sulale. A can na tarar da Yaya Sadiƙa, ita kaɗai, tana wanke tukwanen sadaka. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam Muntaka, kai ka sa shi a rami?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ya yi nauyi?"

Na so in yi mata ƙarya, Nazira. Mutum dogo, mai kayar da bijimi shi kaɗai. Amma ni mai awo ne, hannuna ya riga ya faɗa mini, bakina ya kasa canzawa. Na ce, "A'a, Yaya. Kamar yaron da aka yaye."

Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can ta ce, "To. Haka na miƙa shi."

Da wannan takarda ta same ki, ki zagaya bayan gida ki karɓi tukunyar nan daga hannunta. Ki kama ta ki kai ta tabarmar Hajiya, inda ake karɓar gaisuwa, ki zaunar da ita. In ta ƙi, ki ce Hajiya ta kira ta. Na san Hajiya ba za ta ƙaryata ki ba.

Kawunki,
Muntaka mahauci